Daga cikin uwa zuwa sandar tsufa: abin da masu bincike suka gano bayan bin rayuwar mutane shekara 80

A shekarar 1938 wasu likitoci a jami'ar Harvard da ke Amurka suka fara wani aiki da har yau ba a kai ƙarshensa ba. Cikin ƴan shekaru suka tara ɗalibai maza 268, suka auna tsayinsu da nauyinsu, suka ɗebi jininsu, suka yi ta yi musu tambayoyi, har gidajen iyayensu aka je don jin yadda suka taso. A wancan zamani likitoci sun fi mayar da hankali kan abin da ke sa mutum rashin lafiya. Su waɗannan tambayarsu daban ce: mene ne ke sa wani ya rayu cikin lafiya da kwanciyar hankali har tsufa, wani kuma ya lalace tun da sauran ƙarfinsa?

Kusan a lokaci guda, wasu masana biyu, Sheldon Glueck da matarsa Eleanor, suka fara bin yara maza 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston, da yawansu ƴaƴan baƙi ƴan ci-rani ne da ke zaune a gidajen haya marasa ruwan famfo mai zafi. Daga baya aka haɗe binciken biyu, mutanen suka zama 724. Wasu sun zama lauyoyi da likitoci, wasu magina da leburori, wasu giya ta cinye su. Ɗaya daga cikinsu, John F. Kennedy, ya zama shugaban Amurka.

Duk bayan shekara biyu ana aika musu da tambayoyi kan aiki, aure, lafiya da halin zuciya. Duk bayan shekara biyar ana karɓar takardunsu na asibiti. Shugabannin binciken sun yi ta sauyawa, na yanzu, likitan ƙwaƙwalwa Robert Waldinger, shi ne na huɗu. Kusan duk mutanen farko sun rasu, yanzu ƴaƴansu sama da 1,300 ake bi.

Wannan bincike da ire-irensa a Ingila, Holan, Gambiya, Najeriya da Gwatamala sun taru kan magana guda: irin tsufan da mutum zai yi ana gina shi ne tun da nisa, wani ɓangare tun yana cikin uwarsa, wani kuma a shekarun da yake ganin tsufa bai shafe shi ba. Ga ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, kuma dubban matasa ke barin gida neman kuɗi kowace shekara, maganar ta fi shafar matasa fiye da tsofaffi.

Abin da ya fi awon jini faɗin gaskiya

Da mutanen binciken Harvard suka kai shekara 80, masana suka koma takardun da aka tara lokacin da suke da shekara 50, suna neman alamar da ta fi nuna wanda zai tsufa lafiya. Da yawa sun zaci yawan kitse a jini ne zai raba gardama. Sai ga shi abin da ya fi hasashen lafiyarsu a shekara 80 shi ne yadda suke jin daɗin zamansu da mutanensu, musamman matansu, tun suna ƴan 50.

An kuma bi wasu ma'aurata masu shekara 80 da ɗoriya kwana bayan kwana. Waɗanda ke zaman lafiya da juna, ko a ranar da ciwon jiki ya tsananta, hankalinsu bai cika tashi ba. Waɗanda aurensu babu daɗi kuwa, ranar da jiki ya yi ciwo zuciya ma sai ta bi.

George Vaillant, wanda ya jagoranci binciken sama da shekara 30, ya lissafa abubuwan da in mutum ya riƙe su kafin shekara 50 sukan kai shi tsufa mai kyau: barin taba, nisantar giya, motsa jiki, rashin ƙiba mai yawa, aure mai ɗorewa, iya haƙuri da dabarar fuskantar matsala, da ilimi. Ya gano cewa giya ce kan gaba wajen kashe auren mutanen, kuma sau da yawa ita ke riga ciwon damuwa zuwa. Ya kuma lura cewa jikin ƴaƴan talakawan Boston yana riga na ƴan Harvard gajiya da kusan shekara goma, in ban da ƴan kaɗan daga cikinsu da suka samu kammala jami'a. Su waɗannan, a shekara 70 lafiyarsu ta yi daidai da ta ƴan Harvard, duk da ba su kai su kuɗi ba.

A 2010 wata masaniya mai suna Julianne Holt-Lunstad ta jami'ar Brigham Young ta haɗa sakamakon bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000. Ta samu cewa masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda suka keɓe damar kasancewa a raye da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su. Girman wannan bambanci ya yi kusa da na mai shan taba da wanda ya bari.

Masana na bayyana dalilin ta hanya biyu. Ta farko a cikin jiki take: mutumin da ke cikin fargaba ko ɓacin rai, bugun zuciyarsa na ƙaruwa, jininsa na hawa, jiki na sakin sinadaran shirin faɗa ko gudu. In ya samu wanda zai faɗa wa damuwarsa, jikin na komawa daidai. In babu, sai ya zauna a haka wata da watanni, abin ya riƙa cin jijiyoyin jini da garkuwar jiki sannu a hankali. Ta biyu kuwa kowa ya san ta: mai mutane yana da wanda zai lura ya rame, ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ya ranta masa kuɗin magani, ya tuna masa lokacin sha.

Kaɗaici a tsakiyar jama'a

Akwai masu ganin kaɗaici ciwon Turawa ne. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A ƙasar da ake cika gida ranar suna da ranar biki, matasa na kwana a fada ana zuba shayi, mata na da foyandi da adashi, zai yi wuya a yarda cewa abin ya iso.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2025 ya nuna akasin haka. Mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma hukumar ta danganta shi da mutuwar mutum kusan 871,000 a kowace shekara. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 24 cikin ɗari ne suka ce suna jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kashi 11. Kuma matasa ne suka fi kowa faɗin haka, sun ma fi tsofaffi.

Masu binciken sun bambanta abu biyu: yawan mutanen da ke kewaye da mutum, da samun wanda zai iya buɗe wa cikinsa. Saurayin da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum takwas a Abijan, Legas ko Tamanrasat yana cikin jama'a dare da rana. Amma in duk kiran da ke shigo masa daga gida na neman kuɗi ne, shi kuma kunya ta hana shi faɗin cewa wata biyu ke nan bai samu aiki ba, to yana cikin waɗanda rahoton ke magana a kansu. Haka matar da ya bari a ƙauye da yara, haka tsohuwar da kuɗi ke iso mata ta kamfanin tura kuɗi amma ta shekara uku ba ta ga fuskar ɗanta ba.

Inda binciken Harvard ya gaza

Su kansu masu binciken sun yarda aikinsu na da iyaka. Duk mutanen farko maza ne, farar fata ne, Amurkawa ne. Kuma ganin abu biyu na tafiya tare bai isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba: mai lafiya ya fi samun ƙarfin ziyara da zumunci, kamar yadda mai zumunci ya fi samun lafiya. Wanda ya tsaya a nan kawai zai iya cewa talaka ya riƙe abokai ya manta da sauran. Wasu binciken sun rufe wannan ƙofa.

A 1967 aka fara bin ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kimanin 18,000 a birnin Landan, aikin da aka sani da binciken Whitehall. Dukansu suna da albashi, dukansu suna da asibiti kyauta. Duk da haka, cikin shekara goma, masinjoji da masu gadin ƙofa sun riƙa mutuwa kusan ninki uku na manyan jami'ai. Abin bai tsaya tsakanin na sama da na ƙasa ba: kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya. Taba, ƙiba da hawan jini sun bayyana wani ɓangare ne kawai na bambancin. Michael Marmot, wanda ya buɗe zagaye na biyu a 1985 da ma'aikata 10,308 maza da mata, ya nuna cewa rashin iko kan aikin da mutum ke yi, wato a yi ta ba shi umarni ba shi da ta cewa, yana tafiya tare da ciwon zuciya.

Yunwar da ke jira shekara 40

Bincike mafi kusa da rayuwar Sahel ya faro ne daga Turai lokacin yaƙin duniya na biyu. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan. Rabon abincin babban mutum ya faɗi ƙasa da rabin abin da jiki ke buƙata, mutum kusan 20,000 suka mutu. Da yaƙi ya ƙare abinci ya dawo, jariran da aka haifa suka girma cikin wadata. Shekaru da yawa bayan haka, masana suka nemo su ta takardun asibitin haihuwa na Amstadam. Waɗanda yunwar ta same su suna ciki sun fi sauran kamuwa da ciwon suga, ƙiba da ciwon zuciya.

Likitan Ingila David Barker, wanda ya bi tsofaffin rajistocin haihuwa a ƙarshen shekarun 1980, ya ga abu makamancin haka: jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, ɗan tayin da abinci bai ishe shi ba yakan tanadi abin da ya samu don ƙwaƙwalwa, sauran gaɓoɓi irin su ƙoda su samu ragowa. Jikin ya shirya wa duniyar yunwa. In daga baya ya faɗo birni, ga shinkafa, mai, suga da lemun kwalba, ga zama wuri ɗaya, sai kayan su yi masa nauyi.

An ga haka a maƙwabta. A 2009 masu bincike suka auna mutum 1,339 a kasuwannin Enugu da ke Najeriya, waɗanda aka haifa kafin yaƙin Biyafara, lokacinsa da bayansa. Waɗanda yunwar yaƙin ta same su a ciki ko suna jarirai sun fi sauran hawan jini, matsalar suga da ƙiba a wajen shekara 40.

A Gambiya kuma, a yankin Keneba, ana rubuta haihuwa da mutuwar mutanen wasu ƙauyuka tun wajen 1950. Wani nazari da aka buga a 1997 ya nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, sun fi sauran mutuwa da ƙuruciyarsu bayan sun balaga, galibi da cututtuka masu yaɗuwa. Da aka maimaita irin wannan nazari a Senegal ba a samu sakamako iri ɗaya ba, don haka masana na taka-tsantsan da shi. Amma babbar maganar ta tsaya: kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, suna barin tabo ko gado a jiki har tsufa.

Nijar ta san waɗannan shekaru da sunayensu. Waɗanda aka haifa a farin 1973 da 1974 sun haura shekara 50. Ƴan yunwar 1984 da 1985, wadda a ƙasar Hausa ake kira El Buhari, sun kai 40. A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Yaran da suka tsira su ne samari da ƴan matan da yau ke tuƙa kabu-kabu, suke jami'a, suke aure, ko suke hanyar Agadas. Har yanzu binciken tamowa da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa INS ke gudanarwa na nuna cewa sama da yara huɗu cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Binciken bai ce wanda ya taso a wahala ƙaddararsa ta rufe ba. Tsakanin 1969 da 1977, a wasu ƙauyuka huɗu na Gwatamala, an riƙa bai wa yaran ƙauyuka biyu wani kunu mai gina jiki da ake kira atole, sauran biyun kuma abin sha mai zaƙi kawai. Da aka koma bayan kusan shekara 30, mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya fi na sauran da kashi 46 cikin ɗari.

A Kingston, babban birnin Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya kan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da yaronta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗannan yara suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo yaran da ba su taɓa tsumburewa ba. Abinci da kulawar mutum, abu biyun da binciken Holan da na Harvard suka nuna daban-daban, a nan suka haɗu a kan yaro ɗaya.

A Afirka ta Kudu ma akwai irin wannan dogon aiki. A 1990, shekarar da aka saki Nelson Mandela, aka yi rajistar jarirai sama da 3,200 a Soweto da Johannesburg, ana bin su har suka haifi nasu ƴaƴan.

Tsofaffin da ake zaton suna cikin gata

A yammacin Afirka an saba cewa tsoho ba ya rasa mai kula da shi. Farfesa Oye Gureje na jami'ar Ibadan ya gwada wannan magana. A 2003 da 2004 tawagarsa ta yi hira da tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Yarabawa na Najeriya. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7 cikin ɗari kuma a cikin shekarar da ta gabaci hirar. Wannan adadi ya fi abin da aka saba gani a ƙasashe da dama, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa samun magani. Da aka ci gaba da bin su, an ga cewa waɗanda hulɗarsu da jama'a ta yi ƙaranci sun fi faɗawa cikin ruɗewar tsufa.

A Nijar tsofaffi ba su da yawa tukuna: masu shekara 65 zuwa sama ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Amma tsawon ran da ake sa wa jariri rai da shi ya tashi daga ƙasa da shekara 40 a 1960 zuwa sama da 60 a yau. Fansho na ma'aikatan gwamnati ne da na kamfanonin da ke biyan CNSS. Manomi, makiyayi, ɗan kasuwa da mai tallan ƙosai, fanshonsu ƴaƴansu ne. Tsarin jinya kyauta da aka kafa a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Hawan jini da ciwon suga kuwa cututtuka ne da ake sayen maganinsu kowane wata har ƙarshen rai, kuma daga aljihun iyali kuɗin ke fita.

Ga ɗan ci-ranin da ke lissafin abin da zai aika gida, sakamakon waɗannan bincike na da fassara mai sauƙi. Tiyar wake, ƙwai da nono ga mace mai ciki a tsakiyar damina na cikin kuɗin da suka fi daɗewa suna biyan riba. Wanda aka haifa a shekarar yunwa, in ya kai 40, yana da dalilin zuwa a auna masa jini da suga ko da ba ya jin komai, don hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba. Kiran waya da ba na kuɗi ba, wanda za a tambayi tsohuwa yadda ta kwana a saurari amsar, yana cikin abin da masana suka auna suka ga yana da tasiri. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Inda ƙafa ba ta kai ba saboda iyaka da hamada, murya na rage nisa. Shi kansa matafiyin yana buƙatar mutum ɗaya ko biyu da zai iya gaya wa gaskiyar halin da yake ciki.

Yaran Maraɗi da aka auna wa dantse da ɗan zaren awo mai launi a 2005 za su cika shekara 60 a wajen 2065. Ƴan Harvard sun samu likitocin da suka riƙa tambayar lafiyarsu duk bayan shekara biyu har suka tsufa. Su waɗannan, abin da zai raka su zuwa can shi ne abincin da ƴaƴansu za su ci, awon da za su yi a asibitin unguwa, da mutanen da za su riƙe tun daga yanzu.